Stephen Keshi: Ɗan Azare da ya kai Togo gasar kofin duniya

Masu karatu, a wannan makon za mu waiwayi tarihin wani mutum da har gobe ake ambaton sunansa a majalisun 'yan ƙwallo, tun daga Zangon Kwatano har Lome da Bamako. Wannan kuwa shi ne marigayi Stephen Okechukwu Keshi, mai tsaron baya kuma kyaftin ɗin Super Eagles, wanda abokan wasansa suka laƙaba wa suna Big Boss, wato babban maigida.

Da yawa ba su san cewa a ƙasar Hausa aka yanke masa cibiya ba. An haife shi ranar 23 ga Janairun 1962 a garin Azare da ke jihar Bauci ta yanzu, ko da yake asalin iyayensa mutanen Illah ne a jihar Delta. A Legas ya tashi, ya yi makarantar St. Finbarr's wadda ta yi suna wajen fitar da 'yan ƙwallo. A 1979 ya fara da ƙungiyar ACB ta Legas, daga nan ya koma New Nigerian Bank ta birnin Benin, inda suka ci kofin WAFU na Afirka ta Yamma sau biyu a jere, a 1983 da 1984.

Abin da ya fitar da shi daga gida horo ne. A 1985 hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da shi tare da wasu abokan wasansa bisa laifin rashin zuwa sansani a kan lokaci. Maimakon ya zauna jiran afuwa, sai ya haɗa kayansa ya nufi Abijan, kamar yadda bafatake kan sauya kasuwa idan an rufe masa wata. Ya yi wa Stade d'Abidjan wasa, sannan Africa Sports, kuma daga can ne ƙungiyar Lokeren ta Beljiyam ta ɗauke shi a 1986. Bayan shekara guda ya koma Anderlecht, babbar ƙungiyar ƙasar, inda ya ci kofin ƙalubale a 1988 da 1989, da kofin lig a 1991. Daga baya ya yi wa Strasbourg ta Faransa wasa.

A zamansa na Beljiyam ne ya yi abin da mu mutanen Zango muka fi kowa ganewa. Duk wanda ya taɓa sauka Kwatano da kaya bai san kowa ba, ya san darajar maigida: shi ne masauki, shi ne tafinta, shi ke haɗa ka da mai saye, kuma shi ke tsaya maka idan magana ta taso. To, haka gidan Keshi ya zama ga yaran Afirka masu neman ƙungiya a Turai. Wanda aka fi ba da labarinsa shi ne Nii Lamptey na Gana, yaro ƙarami da Keshi ya yi wa hanya har ya shiga Anderlecht. Wannan ɗawainiya, da yadda yake tsaya wa 'yan wasa a gaban hukuma kan haƙƙinsu, su suka tabbatar masa da sunan babban maigida.

A filin wasa kuwa, mutum ne mai jiki da murya, yana tsara na gabansa daga baya, ga ƙarfin bugu daga nesa. Ya yi wa Najeriya wasa 64. Sau biyu Kamaru tana hana su kofin Afirka a wasan ƙarshe, a 1984 da 1988. Sai a 1994 a Tunisiya haƙarsu ta cim ma ruwa, suka doke Zambiya da ci 2 da 1. Lokacin rauni ya riga ya ci ƙarfinsa, bai buga wasan ƙarshen ba, amma shi ya ɗaga kofin.

Aikin horarwa ne ya nuna masa halin duniya. Yana mataimakin Shuaibu Amodu lokacin da Najeriya ta samu gurbin gasar duniya ta 2002, amma aka sallame su kafin a tafi. A 2004 maƙwabtanmu Togo suka ba shi aiki, ƙasar da ba wanda yake sa ta a lissafi. A rukunin da ke da Sanagal da Mali da Zambiya, Togo ce ta zo ta ɗaya, bayan ta doke Kongo da ci 3 da 2 a Barazabil cikin Oktoban 2005. Wannan ne karo na farko da Togo ta je gasar duniya. Sai dai a gasar Afirka ta 2006 a Masar, Togo ta sha kashi a wasanninta uku, ga saɓani tsakaninsa da Emmanuel Adebayor. Nan take aka kore shi, aka kawo Bajamushe Otto Pfister ya kai ƙungiyar Jamus. A ganinmu wannan rashin adalci ne tsantsa: wani ya yi noma, wani ya zo ya kwashe amfanin gona.

Daga 2008 zuwa 2010 ya horar da Mali. Idan ba a manta ba, a wasannin neman gurbin gasar duniya ta 2010 rukuninmu ɗaya da su, tare da Gana da Sudan, kuma Benin ce ta ƙare a saman Malin Keshi.

A ƙarshen 2011 Najeriya ta kira shi gida. Ya yi abin da ya jawo masa surutu: ya ajiye wasu manyan sunaye, ya ɗauko yara daga ƙungiyoyin cikin gida, abin da aka daɗe ba a gani ba. A gasar 2013 a Afirka ta Kudu, sun fitar da Kwaddibuwa ta su Drogba da ci 2 da 1, suka lallasa Mali 4 da 1, sannan ranar 10 ga Fabrairu suka doke Burkina Faso da ci ɗaya mai ban haushi. Sunday Mba, ɗaya daga cikin yaran gidan nan da ake yi wa dariya, shi ya ci ƙwallon. Da haka Keshi ya zama mutum na biyu da ya ci kofin Afirka yana ɗan wasa kuma yana koci, bayan Mahmud El-Gohary na Masar. Washegari ya ce ya ajiye aiki saboda rashin jituwa da hukuma, sai da aka lallashe shi ya dawo.

Ko da wannan nasara, ya sha yin watanni ba a biya shi albashi ba. Ya kuma sha kokawa a fili cewa hukumomin ƙwallon Afirka sun fi girmama kowane irin Bature a kan ɗan gida mai ƙwarewa. A gasar duniya ta 2014 a Barazil ya kai Najeriya zagaye na biyu, gasar da Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu. Faransa ce ta fitar da su da ci 2 da nema. A Yulin 2015 aka sallame shi.

Matarsa Kate ta rasu a Disambar 2015 bayan fama da ciwon daji. Wata shida bayan haka, ranar 7 ga Yunin 2016, shi ma ya bi ta, yana da shekara 54, a birnin Benin na Najeriya, ba ƙasarmu ba, domin wasu kan rikita su. Kwanaki kaɗan a tsakani tsohon maigidansa Shuaibu Amodu ya cika a wannan birnin. An binne Keshi a Illah, ya bar 'ya'ya huɗu, kuma babban filin wasa na Asaba yana ɗauke da sunansa.