ABU RAIHAN ALBAIRUNI: MALAMIN DA YA KARANTA TARIHI A JIKIN DUTSE

 A wannan fitowa filinmu na tarihin magabata zai kawo muku labarin wani babban malami na Musulunci, wato Abu Raihan Muhammad ɗan Ahmad Albairuni. Abin da ya sa muka zaɓo shi kuwa, sau da yawa yaranmu kan dawo daga makaranta su ce an koya musu duniya ta yi shekara miliyan dubu huɗu da rabi, ko kuma wai inda muke zaune ɗin nan da can bakin ruwa ne, sai uba ya daka wa yaro tsawa ya ce ya rufe baki, wannan ƙaryar boko ce. To, kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san cewa wani malaminmu ya bi wannan hanya tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

An haifi Albairuni a shekarar 362 bayan Hijira, daidai da 973, a wajen birnin Kas na ƙasar Huwarizm, wadda yau take cikin Uzbekistan. Ku lura, zamaninsa ya zo daidai da na Bagauda, wanda tarihin Kano ya ce ya fara sarauta a 999, tun kafin sarakunan Kanem su karɓi Musulunci. Shi kansa laƙabin Albairuni daga kalmar Farisanci ya fito, ma'anarta waje, wato dai mutumin bayan gari. Ai kuwa sunan ya bi shi, don yawancin rayuwarsa a baƙunta ya yi ta, kamar dai mu nan.

Ya yi karatu a hannun Abu Nasar Mansur, wani ɗan gidan sarauta da ya ƙware a lissafi da ilimin taurari. Yana ɗan shekara 17 har ya iya auna matsayin garinsu a bayan ƙasa ta hanyar duba tsayuwar rana. A 995 aka yi juyin mulki a Huwarizm, gidan sarautar da ke riƙe da shi ya faɗi, dole ya yi gudun hijira. Ya sha talauci a birnin Rayyu, kusa da Tehran ta yau, kafin ya samu wurin zama a fadar Sarki Kabus na Jurjan. A can ne, wajen shekarar 1000, ya rubuta littafinsa Al'asarul Baƙiya a kan kalandar al'ummomi daban-daban da yadda suke ƙidayar shekaru. Ya kuma yi musayar wasiƙu da Ibnu Sina, suna ja-in-ja a kan haske da zafi da yanayin sammai.

Ya koma gida, sai ga wani sabon tashin hankali. A 1017 Sarki Mahmud na Gazna ya ci Huwarizm da yaƙi, ya kwashe malamanta ya tafi da su birninsa da ke Afganistan ta yau, har da Albairuni. Wani da baƙin ciki ya kwantar da shi, amma shi sai ya mai da ƙaddara riba. Yaƙe-yaƙen Mahmud sun buɗe masa hanyar Indiya, ya shiga cikin mutanenta, ya koyi harshen malamansu na Sanskirit, ya karanta littattafansu da kansa. A 1030 ya kammala littafinsa a kan Indiya, kuma bai ɓoye ba cewa hare-haren sarkin nasa sun lalata arzikin ƙasar, sun jawo ƙiyayya.

To, yanzu ga maganar duwatsu. A cikin wannan littafi ya yi bayani cewa a filayen Indiya duk zurfin da aka haƙa sai an tarar da duwatsu mulmulallu irin na rafi. Kusa da tsaunuka, inda koguna ke gudu da ƙarfi, duwatsun manya ne. Ana nisa suna ƙanƙancewa, har a iso bakin teku inda suka zama yashi. Daga nan ya fahimci cewa filin nan da can teku ne, koguna suka yi ta kwaso ƙasa da tsakuwa suna zubawa har ya cike.

Haka kuma a littafinsa Tahdidu Nihayatil Amakin, wanda ya gama a 1025 domin a gane nisan garuruwa da alƙiblar Gazna daidai, ya kawo cewa masu haƙa rijiya a hamadar Larabawa sukan tono duwatsu waɗanda in an fasa su sai a ga ƙumba da wuri a ciki, wasu suna nan yadda suke, wasu sun ruɓe sun bar siffarsu kawai. Ya ga irinsu a hamadar da ke tsakanin Jurjan da Huwarizm, ya kuma bi sawun yadda kogin Jaihun ya sha sauya hanya. Hujjarsa mai sauƙi ce: halittar ruwa ba ta zama a tudu, saboda haka inda aka same ta a cikin dutse, ruwa ya taɓa kwanciya a wurin. Teku kan koma tudu, tudu ya koma teku, kuma irin wannan sauyi ba ya faruwa sai cikin zamani mai tsawon gaske. Ya yi imani duniya halittar Allah ce mai farko, amma bai yanka mata adadin shekaru ba, don ba shi da ma'aunin yin haka, kuma shi mutum ne da ba ya faɗin abin da bai auna ba.

Ma'aunin sai daga baya ya samu. Bayan 1896 masana suka gano cewa wasu ma'adinai kamar yuraniyom suna rikiɗa su zama dalma sannu a hankali, bisa ƙa'idar da ba ta sauyawa. In aka auna yawan yuraniyom da ya rage a dutse da yawan dalmar da ta taru, sai a lissafa shekarunsa. Da haka ne wani Ba'amurke, Clair Patterson, ya fitar a 1956 cewa duniya ta yi kimanin shekara miliyan 4,550.

Mu 'yan kasuwa akwai inda malamin nan ya shigo fagenmu. A littafinsa Aljamahir a kan duwatsu masu daraja da ƙarafa, ya nuna yadda ake gane na gaske da na jabu. Yana da wani tulu mai bututu. Sai ya cika shi da ruwa, ya jefa ƙarfen da ya riga ya auna, ya tari ruwan da ya zubo ya ɗora a sikeli. Ya samu zinariya ta ninka ruwa nauyi kusan sau 19, abin da bai sha bamban da awon yau ba. Haka a sansanin Nandana da ke Pakistan ta yau, ya auna tsawon wani tsauni, ya hau ya duba inda sama ta haɗu da ƙasa, ya lissafa nisan da ke tsakanin tsakiyar duniya da bayanta. Ya samu wajen kilomita 6,340, alhali awon zamani 6,371 ne.

Yanzu mu dawo gida mu duba da idon Albairuni. Akwai dogon tudun yashi da ya ratsa Maiduguri ya bi ta Bama, masana ke kiransa Tudun Bama. Wannan shi ne tsohon gaɓar Tafkin Chadi. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000, alhali a 1963 bai wuce 25,000 ba. Masu haƙa burtsatse a unguwarmu sun san yadda ake wuce yashi a shiga laka, a sake faɗawa yashi. Shimfiɗa ce da ruwa ya yi ta ajiyewa, ta ƙasa ta girmi ta sama, kuma a cikin yashin nan ruwan shanmu yake. A 1987, lokacin Yobe tana cikin Jihar Barno, wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, aka auna aka ga ya kai shekara 8,000. Simintin Ashaka da muke saye da sayarwa kuwa, dutsen da ake yin sa da shi cike yake da katantanwar teku ta kimanin shekara miliyan 90. A Gadufawa ta Jamhuriyar Nijar, cikin tsakiyar hamada, an tono ƙasusuwan kada mai tsawon fiye da mita 9. Kun ga dai abin da ya gani a Indiya yana nan ƙarƙashin ƙafarmu.

Sanin wannan yana da amfani na zahiri. Wanda ya san tarihin ƙasa ya san inda zai haƙa ya samu ruwa, ya kuma san cewa ruwa ba ya manta kwarinsa. Ambaliyar Alau ta 1994 da ta Satumban 2024 sun isa su sa mai sayen fili ya tambayi tarihin wurin kafin ya zuba tubali.

Bayan rasuwar Mahmud, Albairuni ya rubuta wa ɗansa Mas'ud babban littafin taurari, Alƙanunul Mas'udi. An ruwaito cewa sarkin ya aika masa azurfa kayan giwa guda, ya mayar da ita baitulmali. Littattafansa sun kusa 150, waɗanda suka iso gare mu 20 ne da 'yan kai. Malam Yaƙut ya ruwaito cewa yana kan gadon ajali wani masanin fiƙihu ya zo duba shi, sai ya tambaye shi wata mas'ala ta rabon gado da ta shafi kakanni mata, don ya fi son ya bar duniya ya san ta. Baƙon bai yi nisa ba ya ji kuka ya tashi. Ya rasu a Gazna wajen shekarar 1048.

Saboda haka 'yan'uwa, in yaro ya zo da irin wannan magana, mu zaunar da shi mu tambaye shi hujja, yadda Albairuni zai yi. Wanda Allah Ya ba sha'awar ilimin ƙasa da duwatsu, ga Jami'ar Maiduguri nan kusa, mu taimaka masa. Allah Ya jiƙan wannan malami, Ya ba zuri'armu ilimi mai amfani, amin.