James Madison: Uban kundin mulkin Amurka da ya sha kaye kan batun wakilci

An haifi James Madison ranar 16 ga Maris, 1751, a Virginia, a gidan masu gonakin taba da bayi. Ya kammala karatu a 1771 a kwalejin da ta zama Jami'ar Princeton.

A 1787 wakilan jihohi suka hallara a Filadelfiya domin tsara kundin mulki. Burin Madison shi ne kowace jiha ta sami kujeru a majalisun tarayya biyu gwargwadon yawan jama'arta. Ƙananan jihohi irin su Delaware suka tubure, don gudun kada manya su danne su. Ranar 16 ga Yuli, jihohi 5 suka rinjayi 4: a raba kujerun majalisar wakilai bisa yawan jama'a, amma kowace jiha ta sami sanatoci 2. Madison ya ga rashin adalci a wannan sulhu, ya yaƙe shi, aka kayar da shi.

Sai dai shi ma ya amince da wani rashin adalcin. Wajen rabon kujeru, aka ƙirga kowane bawa 5 a matsayin mutum 3, alhali bayin ba su da ƙuri'a. Wannan ya ƙara wa iyayengijinsu ƙarfi a majalisa da wajen zaɓen shugaban ƙasa, wanda wakilan jihohi ke yi a madadin jama'a.

Duk da kayen, ya tsaya wa kundin. Tare da Alexander Hamilton da John Jay suka rubuta maƙalu 85 domin shawo kan jama'a su karɓe shi. A 1789 ya gabatar da gyare-gyaren da suka kare 'yancin addini da faɗin albarkacin baki. Ya shugabanci Amurka daga 1809 zuwa 1817, ya mutu ranar 28 ga Yuni, 1836, bai 'yanta bayinsa ba.

Abin da ya yi gudu yana nan har yau. Wyoming, mai mutane ƙasa da 600,000, tana da sanatoci daidai da Kalifoniya mai kimanin miliyan 39. A zaɓukan 2000 da 2016, wanda ya fi samun ƙuri'un jama'a bai hau mulki ba. Najeriya, wadda ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979, ta gaji wannan tambaya: Kano da Bayelsa kowacce sanatoci 3 gare ta.