Tarihin Babban Gwani Mika'ilu, Mai Ginin Masallacin Zazzau

Cikin bayin sarakuna da masu sana'a waɗanda suka yi wa sarauta hidima a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, babu wanda sunansa ya kai nisa kamar Malam Mika'ilu, wanda waɗansu ke kira Muhammadu Durugu. Shi ne aka yi wa laƙabi da Babban Gwani, har laƙabin ya danne sunan yanka. Magabata suna ba da labari cewa daga Sakkwato aka aiko shi Zazzau, sa'ad da Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ya ƙudura niyyar gina masallacin Jumu'a.

Mutane sun san shi da gini, amma rabin gwanintarsa a itace take. Magini ba ya rufe soro sai da azara, watau faskaren giginya. Namijin giginya ake zaɓa, wanda ya ƙosa, gama shi ne mai tauri, gara ba ta cinsa da sauƙi. A sare, a tsaga, a fere da gizago, sa'an nan a bar shi ya bushe sarai. To, azara guda ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya zarce kamar ƙafa 6. Dabarar da Babban Gwani ya kai matuƙa gare ta ita ce a kafa azara cikin bango, a ɗora wata bisanta ta ɗan zarce ta, a ɗaure da igiya tamau, a lulluɓe da ƙasa, a dakata ta bushe, kana a ƙara wata. Da haka ake tafiya daga wannan gefe da wancan, har su gamu a tsakiya su zama bakan gizo. In bakan gizo suka gitta juna, shi ne ɗaurin guga, bisansa kuwa tulluwa ke zama.

Da wannan aiki ya rufe masallacin Zazzau, ya yi wa ginshiƙansa zane, ya gina ɗakin shari'a a jikin harabarsa. Ƙyamaren kuwa aikin masassaƙa ne da maƙera, alluna masu kauri da aka haɗa da ƙarfe da ƙusoshi. Ana kuma jingina masa soron nan na gidan Madakin Bauci a Kafin Madaki, wanda Gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa a 1956.

Game da ƙarshensa, labarin da ya bazu a bakin mutane shi ne, bayan ya gama wani masallaci a Birnin Gwari sai aka hallaka shi, don kada ya je wani gari ya gina wanda ya fi shi. Amma sana'ar ba ta bi shi kabari ba. Zuriyarsa ta riƙe shugabancin magina a birnin Zariya, unguwarsu kuma tana amsa sunansa.

A nan ne abin lura yake. Ginin ƙasa da itace ba ya daɗewa don ƙarfinsa kaɗai, sai don ana komawa gare shi. Kafin damina a duba indararo, a sake yaɓe, a shafa makuba. In azara ta ruɓe, a tokare rufin, a zare ta ita kaɗai, a cusa sabuwa irinta. In allon ƙyaure ya tsage, masassaƙi ya fitar da wurin da ya lalace, ya sassaƙa itace irinsa ya cike, maƙeri ya mai da tsofaffin ƙusoshi inda suke. Da irin wannan kiwo masallacin ya haura shekara 130 yana tsaye a fili. A shekarun 1970 aka rushe waɗansu sassansa na waje, aka kewaye zauren salla da sabon gini na siminti. Zauren ya tsira, abin da aka rushe kuwa ba ya komowa.

Ya ku ma'aikatan sarauta, mu nan ƙasar Gwandu, daga Dalijan har Kalgo, kowane gidan hakimi ko na alƙali ba ya rasa tsohon ƙyaure, ko kujera, ko akwatin takardu da magabata suka bari. Wanda aka danƙa wa ajiyarsu, in ya ga gara ta taɓa, kada ya yi gaggawar yasarwa don ya sayo sabo. Ya nemi tsohon masassaƙi tun yana da rai, ya sa yaro kusa da shi ya koya. Abin da aka gyara gado ne, wanda aka musanya kuwa kaya ne kurum.

Allah ya jiƙan Babban Gwani Mika'ilu, ya gafarta masa, ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.