ALJAZARI, MAƘERIN DA YA SA TAGULLA TA MIƘA WA SARKI TAWUL

A masana'antu da ɗakunan gwaje-gwaje na ƙasashen Turai da Amurka da Asiya, yanzu akwai wani irin inji mai siffar hannun mutum, da kafaɗarsa da gwiwarsa, wanda a ke kafa shi a kan tebur ɗaya da ma'aikaci. Ma'aikacin ya riƙe wani sashe na aikin, injin ya ɗaure noti, ko ya ɗauki kwalbar jini ya ajiye ta inda a ke so, idan kuwa ya ci karo da jikin mutum sai ya tsaya cik. Masana tarihin ƙere-ƙere idan suka tashi ba da labarin yadda aka fara tunanin na'urar da za ta yi hidima kusa da jikin mutum, da wuya su wuce ba su ambaci wani Musulmi wanda ya rasu shekara 800 da ɗoriya da suka wuce ba, watau Aljazari.

Cikakken sunansa Badi'uz Zamani Abul Izzi ɗan Isma'ila ɗan Razzazu Aljazari. A kan sa haihuwarsa a shekarar 1136. Laƙabin Aljazari ya samo shi ne daga ƙasarsu, Jazira, wadda ke tsakanin kogin Dijla da kogin Furatu, inda iyakokin Turkiyya da Siriya da Iraƙi suka haɗu a yau. Kalmar Razzazu kuwa a Larabci ma'anarta mai sayar da shinkafa. Shi kansa Aljazari, kamar yadda littafinsa ya nuna, mutumin maƙera ne, wanda ya san zubin tagulla da sassaƙar itace da hannunsa, ga shi kuma da karatu.

Ya yi aiki a fadar sarakunan gidan Artuƙ, waɗansu Turkawa da suka mallaki garuruwan wannan yanki. A shekarar 1183 Sarki Salahuddin Ayyubi ya ci birnin Amid da yaƙi, watau Diyar Bakar ta yanzu, ya ba da shi ga Nuruddin Muhammadu na wannan gida. Aljazari ya bauta wa Nuruddin, ya bauta wa ɗansa da ya gaje shi, sa'an nan ya bauta wa ɗaya ɗan, Nasiruddin Mahmudu, wanda ya hau gadon sarauta wajen shekarar 1200. A lokacin da ya zauna rubuta littafinsa ya riga ya shekara 25 ya na hidimar gidan.

Sarki Nasiruddin ne ya sa shi rubutun. Wata rana Aljazari ya kawo masa wata na'ura da ya ƙera, Sarki ya dube ta da kyau, ya yaba, sa'an nan ya nuna masa cewa asara ce irin wannan wahala ta tafi a banza, ya umurce shi ya tattara abubuwan da ya ƙera a littafi guda tare da zanensu. Aka gama littafin a shekarar 602 ta Hijira, daidai da 1206. An fi saninsa da sunan Kitabu fi Ma'arifatil Hiyalil Handasiyya. Na'urori 50 ne a cikinsa, an kasa su kashi 6.

Kashin da ya fi kusa da zancenmu shi ne na butoci da tasoshin alwala. Dalilin ƙera ɗaya daga cikinsu, kamar yadda Aljazari ya bayar, shi ne Sarki ba ya son bawa ko kuyanga su riƙa tsayawa a kansa su na zuba masa ruwa in zai yi alwala. Sai ya ƙera masa shantali wanda bara zai ajiye ya ja da baya, ruwa ya riƙa zubowa da kansa. Daga nan ya ci gaba har ya ƙera mutum-mutumin bawa na tagulla, hannunsa na dama riƙe da buta, na hagu riƙe da tawul da mataji. In aka murɗa famfo, ruwan da ke gangarowa daga wata ɓoyayyar randa sai ya kore iska ta cikin usur, wani tsuntsu na ƙarfe ya yi kuka don Sarki ya san ruwa ya taho. Ruwan da Sarki ya wanke hannu da shi ba zubar da shi a ke yi nan take ba. Ya kan tsiyaye cikin wani ma'aji a ƙarƙashin tasa, inda aka sa wata 'yar gora ta tagulla mai rufaffen baki, irin yadda gorar masunci ba ta nutsewa. Ruwa na taruwa gorar na tasowa, ita kuma an ɗaura mata igiya wadda ta bi ta cikin jikin mutum-mutumin har zuwa kafaɗarsa ta hagu. Sa'ad da ruwa ya kusa ƙarewa, sai hannun ya miƙo wa Sarki tawul.

Akwai kuma tasar ɗawisu, wadda ruwa ke fitowa ta bakin tsuntsun. Ita gora biyu gare ta, ɗaya sama da ɗaya. Ta farko in ta taso sai wata 'yar ƙofa ta buɗe, ƙaramin bara ya fito da abin wanke hannu, in ta biyu ta taso wani ya fito da tawul.

Mai karatu zai lura cewa hannun ba ya motsi sai ruwan wankin ya taru, watau aikin da a ke yi a gabansa shi ne ke gaya masa lokacin da zai miƙe. Zai kuma lura cewa an yi na'urar ne don ta tsaya dab da fuskar Sarki, inda kuskure kaɗan zai iya jawo wa maƙeri fushin fada. Injunan masana'antu na zamaninmu da wata hanya dabam suka fara. A shekarar 1961 kamfanin motoci na General Motors ya kafa hannun ƙarfe na farko, mai suna Unimate, a wata masana'antarsa da ke jihar New Jersey ta Amurka, don ɗaukar ƙarafan zubi masu zafi. Irin waɗannan hannuwa ƙarfi gare su, amma ba su san da mutum a kusa ba. A watan Janairu na 1979 wani ya kashe ma'aikaci a masana'antar Ford da ke jihar Michigan. Saboda irin wannan hatsari ne a ke killace su cikin keji. Sai a 1996 waɗansu malamai biyu na Jami'ar Northwestern, Edward Colgate da Michael Peshkin, suka fito da injin da aka tsara don mutum ya yi aiki tare da shi hannu da hannu, a 2008 kuma kamfanin Universal Robots na ƙasar Denmark ya sayar da ƙaramin hannunsa na farko, mai ɗaukar nauyin kilo 5.

A nan ya kamata a yi adalci. Waɗansu marubuta su kan kira Aljazari uban mutum-mutumin zamani, har su nuna kamar daga littafinsa aka kwafo injunan yau. Wannan zuzutawa ce. Bawan tagullarsa ba ya gani, ba ya jin taɓawa, ba a kuma iya koya masa sabon aiki sai an sāke kayan cikinsa, alhali hannun zamani kwamfuta ke tafiyar da shi, ma'aikaci ya kan kama shi ya nuna masa hanya sau ɗaya ya riƙe. Abin da ya haɗa su shi ne tambayar da kowannensu ya so ya amsa: ta yaya na'ura za ta jira mutum, ta ba shi abin da ya ke bukata a daidai lokacinsa, ba ta cuce shi ba?

A cikin wannan kashi dai akwai tasoshi 4 waɗanda ɗaliban aikin asibiti za su fi jin daɗinsu, domin na awon jini ne. A wancan zamani likitoci su kan tsaga jijiya su fitar wa majiyyaci jini don magani, kusan yadda wanzamanmu ke yin ƙaho, su na kimanta abin da ya fita da ido. Aljazari ya ƙera tasa wadda jinin zai gangara ta tsakiyarta zuwa cikin wani siririn bututu, ya ɗaga gora, gorar ta juya wani faifai mai igiya, faifan ya juya mutum-mutumin wani malamin zuhudu mai riƙe da sanda. Bakin sandar ya kan bi lambobin da aka zana a gefen tasa, daga dirhami 1 har zuwa 120. A wata tasar marubuta biyu ne ke zaune, ɗaya na nuni da alƙalami a kan allo. Da likita da majiyyaci duk su na ganin adadin. Mutanen Anka da Bukkuyum sun san darajar awon jini na gaskiya tun 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukansu, aka kuma dogara ga gwajin jini wajen gane yaran da za a fara yi wa magani. A manyan ɗakunan gwaje-gwaje na duniya, jera kwalaben jini da buɗe su da ɗiban awo na cikin ayyukan da a ke ba hannun inji a yau.

Agogunansa su suka fi suna, musamman agogon giwa, inda wata ƙwarya mai ƙaramar huda ke nutsewa cikin ruwa a cikin cikin giwar kowane rabin sa'a, ta sa ƙwallo ya faɗo daga bakin shaho zuwa bakin maciji, mahayin giwar kuma ya buga. Kashi guda kuwa na kayan majalisar sha ne, har da kuyangar da ke fitowa daga akwati ta miƙa ƙoƙon giya, abin da ke nuna cewa sarakunan Musulmi na wancan zamani ba duka suka tsare kansu daga ita ba.

Na'urorin ɗaga ruwa guda 5 su ne waɗanda manomin rani zai gane nan da nan. Duk wanda ya taɓa ganin mai lambu ya na jan jigo a fadamun Gummi ko na Nasarawa Burkullu kafin injin fetur ya yawaita, ya san aikin na cin ƙugu. Aljazari ya ɗauki wannan jigo ya haɗa shi da faifai masu haƙora, dabba guda na zagayawa ta na ɗaga maɗebai 4 bi da bi, yadda nauyi ba zai faɗa mata gaba ɗaya ba. Ta ƙarshensu famfo ce mai fistin biyu da bawul, wadda ruwan kogi ke juyawa, in ɗaya na zuƙo ruwa ɗaya na tura shi sama. Makanikin da ya saba kwance injin ban ruwa zai ga dangin abin da ya sani a cikin zanen.

Amma a ganina babban abin da ya bari shi ne yadda ya yi rubutun. Ya ambaci waɗanda suka riga shi, irin su 'ya'yan Musa ɗan Shakir na Bagadaza, waɗanda suka yi nasu littafin a ƙarni na 9, ya faɗi inda ya bi su da inda ya ga tsarinsu bai yi aiki ba ya gyara. Sa'an nan ya bi kowace na'ura gaɓa gaɓa, da tsawo da faɗi da irin ƙarfen da za a sa. Ya bayyana yadda a ke manna sallayen katako don kada ya kanɗare, da yadda a ke daidaita nauyin ƙafa mai juyawa, da yadda a ke goge bawul da garin dutse har ya zauna daram ba ya yoyo, da yadda a ke faɗaɗa huda kaɗan kaɗan a na gwadawa har ruwa ya fita bisa awon da a ke so. A ƙasarmu maƙeri ko magini ya kan riƙe sirrin sana'arsa sai ɗansa kaɗai, in ɗan ya tafi birni shi ke nan. Aljazari ya rubuta nasa yadda baƙon da bai taɓa ganinsa ba zai iya ƙerawa, an kuwa gwada an gani: a 1976 aka sāke ƙera babban agogonsa na ruwa a gidan kayan tarihin kimiyya na London, don bikin nuna al'adun duniyar Musulmi, bisa bayanin da ke cikin littafin.

Masana tarihi su kan sa rasuwarsa a 1206, shekarar da ya gama littafin. Kofen da aka rubuta da hannu a wannan shekara ya na nan a ɗakin littattafan fadar Topkapi a birnin Istanbul, an kuma ci gaba da kwafarsa ƙarni bayan ƙarni, har aka fassara shi da Farisanci. Waɗansu kofen an yayyage zanensu masu launi an sayar wa gidajen tarihi na Turai da Amurka warƙa warƙa. Injiniya Donald Hill na Ingila ya fassara littafin duka da Turanci a 1974, Shehun malami Ahmad Yusuf Alhasan kuma ya buga asalin Larabcinsa a birnin Halab na Siriya a 1979. Wanda hanya ta kai shi Dubai zai tarar da agogon giwa, an ƙera shi da girma, a kasuwar zamani mai sunan Ibn Battuta.