MAZAN JIYA: LIKITA STIRRETT, BATURE MAI MAGANI

A wannan fitowa filinmu na Mazan Jiya ya ɗauko tarihin wani mutum wanda ba addininmu ɗaya da shi ba, ba kuma ƙasarmu ɗaya ba. Wani zai ce, to me ya kawo Baturen mishan cikin mujallar Hausawan Potiskum? A yi haƙuri a bi mu, dalilin yana gaba.

Sunansa Andrew Stirrett. An haife shi a ƙasar Kanada a shekarar 1865. Asalinsa ɗan kasuwa ne kamar yawancinmu, mai kantin sayar da magani a birnin Toronto, ya kuma yi karatun likita. Kasuwa ta karɓe shi, ya tara abin hannu daidai gwargwado.

Ana nan sai labarin wata ƙungiyar mishan mai suna SIM ya iso masa. Mutum uku ne suka fara zuwa Nijeriya da sunanta a 1893, da niyyar isa ƙasar Hausa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida. Rowland Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Mai neman riba in ya ji wannan, ai sai ya ƙara riƙe kantinsa. Shi kuwa Stirrett sai ya rabu da kasuwancinsa, ya miƙa wa ƙungiyar dukiyarsa, ya shiga jirgin ruwa a 1902, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai.

Ya fara zama a Patigi, ƙasar Nufawa, daga baya ya yi Wushishi, a ƙarshe ya tare a Jos. A lokacin zazzaɓin cizon sauro ne ke ƙarar da Turawa. Shi ne ya matsa wa abokan aikinsa da shan kwinin kullum, abin da ya rage mace-mace a cikinsu ƙwarai. Talakawa kuwa, masu gyambo da masu zazzaɓi, suka riƙa zuwa ƙofarsa, har sunansa na yanka ya ɓace, sai dai Bature Mai Magani.

Ya koyi Hausa har ta zauna masa a baki. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa tare da Likita Miller na Zariya, wanda aka buga a 1932. Ya kuma tsara waƙoƙin coci da Hausa. Ɗan gajeren mutum ne, bai taɓa aure ba, bai tara komai ba. Ya rasu a Jos a 1948, ya haura shekara 80, bayan shekara 46 yana wannan aiki. Cocin ECWA da muke gani a nan garin, daga aikin SIM ta fito a 1954.

Kada mu ɓoye gaskiya. Addininsa ya zo yaɗawa, don kusan kullum yana kasuwar Jos yana wa'azi. Mu Musulmi ne, ba mu bi shi a kan aƙida ba, ba kuma za mu bi ba. Amma malamanmu na Islamiyya sun koya mana cewa ƙin abin da mutum ya yi imani da shi ba ya halatta mana tauye masa gaskiyarsa. Gaskiyar wannan bawan Allah ita ce, abin da ya faɗa da baki ya biya kuɗinsa da dukiyarsa da ƙuruciyarsa.

To ga dalilin da muka ce yana gaba. Mu ma baƙi ne a Potiskum. Iyayenmu sun taso daga Kano da Katsina da Haɗeja da sauransu, Ngizim da Karekare da Bolewa suka ba su masauki. Mun samu a kasuwar shanu, mun samu a kasuwar hatsi, mun samu a harkar mota. Shi ya zo ƙasar mutane don ya bayar, mu mun zo nema, Allah kuma ya ba mu. Me muka mayar wa garin? Sau nawa muka leƙa asibiti muka biya wa wanda ba mu sani ba kuɗin magani, ba tare da mun tambayi ƙabilarsa ko addininsa ba? Garin nan ya sha wuya a 2012 da 2014, marayu da gwauraye suna nan a kowace unguwa, na masallaci da na coci.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa maganar asusun marasa lafiya a taro mai zuwa, kowa ya zo da abin da ya sawwaƙa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya sa mu dace, amin.