Samuel McCaughey, Makiyayin Tumaki

Tumakin da kuke gani a Gyadi-Gyadi da Tarauni, don nama ake kiwonsu. A Ostareliya kuwa akwai wani iri mai yawan gashi, wanda akan aske a saƙa barguna da tufafi. Da kiwon irin waɗannan ne Samuel McCaughey ya yi suna.

An haife shi a ƙasar Ailan cikin 1835. Yana da shekara 20 ya tafi Ostareliya wurin kawunsa. Da ya sauka daga jirgin ruwa, sai ya taka da ƙafa, tafiyar wajen mil 200, don kada ya ɓatar da guzurinsa. Ya fara da ƙaramin aiki a garke. Cikin 1860 shi da waɗansu suka sayi makiyayar Coonong.

Ƙasar nan mai yawan fari ce, tumaki kan mutu don ƙishirwa. Shi kuwa bai zauna jiran damina ba. Ya gina madatsai, ya haƙa magudanai, ya jawo ruwan kogin Murrumbidgee, har ciyawa ta tsiro inda dā fako ne. A ganina wannan ne babban aikinsa. Ya kuwa yi kuskure guda: ya kashe kuɗi mai yawa wajen sayo ragunan Amurka masu tattararriyar fata, amma ƙasar ba ta karɓe su ba.

Cikin 1899 aka sa shi a Majalisar Dokoki ta New South Wales, sa'an nan tana ƙarƙashin Ingila. Yana cikinta har ya mutu a 1919. Bai taɓa yin aure ba. Ya bar dukiya mai yawa ga Jami'ar Sidni da iyalan sojoji.