Bulus da Ɗan'uwa Rarrauna

Bulus manzo mutumin Tarsus ne, maɗinkin tanti. Wajen shekara ta 50 ya zo Korinti, ya yi shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa. Bayan tashinsa gardama ta shiga ikilisiya a kan naman da aka yanka wa gumaka. Masu sani suna ci, raunana kuwa suna tuntuɓe. Bulus ya san gunki ba kome ba ne, amma ya gwammace ya bar nama har abada da ya sa ɗan'uwa ya faɗi. A Roma aka kashe shi, zamanin Nero.

Ya kai mai bi na Wudil, kadan ƙaramin abu yana ɓata wa ɗan'uwanka rai, kada ka rena shi. Ka bar abin, gama Almasihu ya mutu dominsa.